Ciwon da ya raba Baba da kekensa

Mahaifinmu tela ne, irin telolin da, waɗanda ba sa ajiye littafin awo. Tun ina yarinya nake ganin mutum ya shigo shago da shadda a hammata, Baba ya ɗago kai ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Ka yi ƙiba tun bara, sai mun saki wuyan." Tsawon riga da faɗin kafaɗa da ƙugun wandon mazan unguwa guda, duk da ka yake riƙe da su. Daren Sallah kaya su taru har su kusa taɓo rufi, amma bai taɓa miƙa wa wani rigar wani ba.

Shi ya sa ranar da ya yanka shaddar wani magidanci a kan awon yaro, yaran shago suka rufe maganar. Suka haɗa kuɗi suka sayo wata don kada maigidansu ya ji kunya. Da abin ya sake faruwa, sai suka riƙa karɓe almakashi da dabara suna bar masa ɗinki. Mu ba mu ji wannan ba sai daga baya. Abin da muke gani a gida daban ne. Zai tambayi Inna ko an kai wa Goggo abinci, a ce an kai, kafin ya idar da alwala ya sake tambaya. Zai cusa kuɗi a ƙarƙashin darduma ya manta, ya tara jikoki yana tuhumarsu. Duk wanda ya ji sai ya ce, "Gigin tsufa ne, a yi ta haƙuri da shi." Lokacin bai daɗe da haura saba'in ba.

Inna ce ta fara cewa wannan ya wuce tsufa. Yayanmu shi ne ɗan fari, kuma tun da aka haife shi Baba bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "wancan yaron" ko "kai". Rannan a tsakar gida, gaban surukai, ya ƙwala masa kira da sunansa na yanka, har da baƙar magana a kai. Gida ya yi tsit. Da dare Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Ni na san Malam. Wannan da ya yi magana ɗazu ba shi ba ne."

Daga nan aka shiga faɗi-tashi. Wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a, wasu suka ce iska. An yi rubutu, an yi tofi, an yi ruƙiyya, kuma har gobe ba mu daina masa addu'a ba. Wani mai kemis ya ba da maganin barci saboda yawon dare da ya fara, maganin ya sa shi jiri har ya faɗi a banɗaki ya fasa goshi. Da na kawo maganar likitan ƙwaƙwalwa, Baffa ya taso mini: "Ke yanzu asibitin mahaukata za ki kai ubanki? Me duniya za ta ce?" Wannan tambayar ce take hana tsofaffi da yawa ganin likita a ƙasar nan, kuma ina ganin ta fi rashin kuɗi yin ɓarna. Sai da Inna ta sa baki da kanta ta ce ita ta yarda, sannan aka bar mu muka tafi.

Ina so in faɗi yadda ganin likitan ya kasance dalla-dalla, domin mutane suna zaton wata na'ura ake sa mutum a ciki ta faɗi ciwonsa. Ba haka ba ne. Rabin aikin hira ce, kuma hirar da aka yi da Inna ta fi wadda aka yi da Baba tsawo. Likitan ya tambaye ta, "Hajiya, yaushe kika fara lura? A hankali abin yake tafiya, ko kuwa yakan tsaya sannan ya faɗo gaba ɗaya? Yana iya ƙirga canji? Ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani? Yana ganin mutanen da ba sa nan?" Inna ta ce yakan yi watanni yadda yake, sai a wayi gari ya ƙara rikicewa, ya sake tsayawa a nan. Na ga likitan ya rubuta wannan ya ja layi a ƙarƙashi.

Sannan ya juya ga Baba cikin ladabi. Baba bai yi boko ba, allo ya yi, don haka ba a tambaye shi kwanan watan Bature ba. An tambaye shi wane wata muke ciki na Musulunci, damina ce ko rani, wace rana ce, ina ne nan. An faɗa masa wasu kalmomi aka ce ya riƙe, za a tambaye shi an jima. An ce ya lissafo dabbobin da ya sani cikin minti ɗaya, ya ce akuya, tunkiya, saniya, ya sake cewa akuya, ya tsaya. Daga nan likitan ya ciro tsinken ashana huɗu ya jera su a kan tebur cikin wata siffa, ya tattara ya miƙa masa ya ce, "Baba, a yi mini irin wannan." Baba ya juya tsinkayen a hannu, ya ajiye biyu a gicciye, ya ɗauke, ya sake ajiyewa, sannan ya dube ni yana murmushin neman taimako. Hannun da yake fitar da wuyan babbar riga ba tare da zana alli ba. A nan jikina ya yi sanyi, na san Inna ta yi gaskiya.

Wannan gwaji na ashana a Ibadan aka ƙirƙiro shi, saboda tsofaffinmu da ba su saba riƙe biro ba. Gwaje-gwajen da ake yi a Turai suna sa mutum ya zana agogo ko ya rubuta jimla, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya faɗuwa ko da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Likitocin Jami'ar Ibadan, irin su marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, sun yi aiki da takwarorinsu na Amurka tun daga 1992, suna kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanafolis. Sun samu ciwon mantuwa irin na Baba bai kai yawa a Ibadan ba, kuma cikin abubuwan da suka duba har da bambancin abinci da cututtukan jijiyoyin jini. Ni ban ɗauki wannan abin kwantar da hankali ba, domin hawan jini da ciwon sukari yanzu sun shiga kusan kowane gida.

Bayan hira aka tura mu gwajin jini da na fitsari, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake roƙon mutane su kai tsohonsu asibiti. Akwai abubuwan da suke rikita tsoho su yi kama da ciwon mantuwa sak, alhali ana warkewa daga gare su. Ƙarancin bitamin B12 yana yin haka. Raunin halittar nan ta wuya da take kumbura ta zama maƙoƙo yana yin haka. Ciwon damuwa mai tsanani, musamman bayan rasuwar miji ko mata, yana sa tsoho ya yi shiru ya riƙa mantuwa. Jini yana iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, sai makonni sun wuce mutum ya rikice, kuma aiki ake yi a zuƙe shi. Tunjere da ya daɗe da ƙanjamau su ma suna taɓa ƙwaƙwalwa. Likitan ya ƙara ja mana kunne a kan abu ɗaya: in tsoho ya rikice farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ana ganinsa garau jiya yau bai san kowa ba, to wannan ba gigin tsufa ba ne, a garzaya da shi asibiti. Sau da yawa ciwon mafitsara ne ko na huhu, ko zazzaɓi, ko sukari ya hau ko ya faɗi, ko wani magani da aka ba shi.

Na Baba duk suka fito lafiya. Hoton ƙwaƙwalwa na siti-sikan ne ya nuna abubuwa biyu: ƙwaƙwalwar ta ɗan motse, sannan ga wasu ƙananan tabo a warwatse. Likitan ya ce tabon nan ƙananan shanyewa ne da suka faru ba wanda ya sani, ba su karkata baki ba, ba su kashe hannu ba. Ya yi wa Inna bayani da lambu: in ƙananan hanyoyin ruwa suka toshe ɗaya bayan ɗaya, fangalin da ke ƙarshensu ne yake bushewa, sauran lambun yana kore. Hawan jini ne yake toshe su. Baba ya shekara da shekaru da hawan jini, amma shan maganinsa irin na mutanenmu ne: in kai ya yi ciwo a sha, in ya lafa a ajiye. Wannan ne ya sa ciwonsa yake tafiya mataki-mataki kamar yadda Inna ta lura. Likitan ya ce a ganinsa ciwo biyu ne suka haɗu, na toshewar jijiyoyin jini da cutar Alzaima, kuma haɗuwar biyun ba baƙon abu ba ne ga masu shekarunsa.

Ita Alzaima wani likita ne Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayaninta a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu, wadda aka kwantar a asibiti a Frankfurt tana da shekara 51 kacal. Ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. Yau an san sinadarai biyu ne, amiloid da tau. Suna fara taruwa shekara goma zuwa ashirin kafin a ga wata alama, kuma inda suka fi fara ɓarna shi ne sashen da yake ajiye sabon abu. Da na fahimci wannan sai abubuwa da yawa suka warware mini. Baba bai san ko ya karya kumallo ba, amma zai ba ka labarin zamanin Udoji, yadda ma'aikata suka samu kuɗi suka cika shago da yadi har ya kwana uku bai runtsa ba. Har ya koma faɗin farashi da fam da sule, alhali tun 1973 aka koma naira. Tsohon ajiya yana nan, sabo ne ba ya zama. Don haka mai cewa "da gangan yake yi, ai ya tuna abin da ya fi wannan daɗewa" bai fahimci ciwon ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55 a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara. Alzaima ce take da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Akwai kuma irin da yake sa mutum ganin mutane ko dabbobi a ɗaki, jiki ya riƙa sanƙarewa, da irin da yake fara canza hali kafin mantuwa, mai kunya ya zama marar kunya, wanda yakan kama mutane tun suna 'yan hamsin ko sittin. Shekaru suna ƙara haɗarin, amma mafi yawan tsofaffi suna gamawa da duniya da hankalinsu. Goggo ta girmi Baba, kuma har yau ita take tuna mana ranar sunan kowane jika.

Maganar magani kuwa, likitan bai ɓoye mana ba: babu mai warkarwa. An sa masa donepezil, miligiram 5 da farko, bayan makonni aka kai 10. Aikinsa shi ne ya hana saurin lalacewar wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da shi. Ya sa shi tashin zuciya da gudawa da farko, ga mafarkai masu firgitarwa, sai aka mayar da shan daga dare zuwa safe. Ana kuma duba bugun zuciyarsa, domin maganin yana iya rage shi. Mun ga amfaninsa na wani lokaci: ya fi bin hira, ya rage maimaita tambaya. Da ciwon ya yi gaba aka ƙara memantine. Amma maganin da likitan ya fi nanatawa shi ne na hawan jini, kullum, ko kai na ciwo ko ba ya yi, don kada a ƙara sabon tabo. Ya kuma hana mu ba shi maganin barci ko na kwantar da masu taɓin hankali ba da saninsa ba, saboda ga tsoho mai wannan ciwo suna ƙara haɗarin faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, har da mutuwa.

Wani ƙanena ya turo mana labarin sababbin magunguna da aka amince da su a Amurka, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024. Ƙarin ruwa ake yi da su, suna share amiloid, amma ga wanda ciwon bai yi nisa ba kawai, kuma rage gudun ciwon suke yi kaɗan, ba tsayar da shi ba. Suna iya kumbura ƙwaƙwalwa ko su sa ta ɗigon jini, sai ana bibiya da hoton ƙwaƙwalwa na MRI a kai a kai. Na farkon dala 26,500 aka sa masa a shekara. In waɗanda suka kashe biliyoyi a bincike iyakar abin da suka samu ke nan, to mai tallar garin magani a Facebook da yake rantsuwa yana dawo da hankalin tsoho cikin mako biyu kuɗin mutane kawai yake ci, kuma abin yana ƙona mini rai domin masu saye mutane ne da suka rasa yadda za su yi da iyayensu.

Sauran jinyar a gida take, kuma ita ce mai nauyin. Da la'asar sakaliya hankalin Baba yakan tashi. Zai ɗauki hula da takalmi ya ce gida zai tafi, Iya tana jiransa. Iya mahaifiyarsa ce, ta rasu tun kafin a haife ni. Da farko Yaya yakan ce, "Baba, ai Iya ta rasu." Sai ya zauna ya fashe da kuka irin na wanda yanzu aka faɗa masa, gobe kuma a sake. Yanzu ba ma faɗa, ba ma kuma yi masa ƙarya. Inna takan ce, "Malam, zauna ka sha kunu tukuna. Wai me Iya take dafa muku in an yi girbi?" Sai ya zauna ya shiga labari har a kira magariba. Muna kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, domin inuwa tana ƙara rikita shi. Mun kwashe almakashi da allura, muka tara masa ƙyallaye a kwando, yana shafe su yana ninkewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba abin da yake kwantar masa da hankali kamar wannan.

Ya taɓa ficewa da asuba, sai a kusa da tasha wani ɗan acaɓa da ya san shi ya gan shi ya dawo da shi. Tun ranar muka ɗinka ƙyalle mai lambar waya a cikin aljihun kowace rigarsa, muka kuma bi mai shayi da mai unguwa da liman da masu shagunan bakin titi muka faɗa musu gaskiya. Ɓoyewa ba ta kare mutuncin tsoho, jefa shi take yi cikin haɗari. Baba namiji ne sananne, shi ya sa aka dawo da shi da girmansa. Tsohuwar da ta fita tsakar dare aka tsince ta a zauren wasu tana sambatu, ba ta san sunanta ba, sau da yawa mayya ake ce mata, yara su bi ta da jifa.

Abin da ya fi sa Inna kuka shi ne salla. Mutumin da ba ya rasa sahun farko ya koma yin azahar sau biyu, ko ya yi raka'a ɗaya ya sallame. Muka je wurin malaminmu. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ya karanto mana aya ta 70 a Suratun Nahli, inda Allah ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ya ce a bar shi ya yi yadda ya iya, kada a tsawata masa, azumi kuma ba ya kansa. Har yanzu in aka ja masa farkon gajerun surori yana ƙarasawa ba tuntuɓe.

Akwai maganar da nake so 'yan'uwana maza su ji. Turo kuɗin magani ba shi ne jinya ba. Inna ce take tashi sau da yawa cikin dare, ita take wanke shimfiɗa, ita yake zagi in ransa ya ɓaci, ita kuma yake nema in ta ɓace masa minti ɗaya. Ita ma ta haura sittin, jininta ya hau, ta rame. Baba ba ya yarda 'ya mace ta yi masa wanka, wannan kunyar ba ta bar shi ba, don haka dole maza su shigo. Sai da aka yi zaman gida mai zafi kafin aka raba kwana: kowane namiji da darensa, mu mata da yini, Inna kuma ta samu ranar da za ta je gidan 'yar'uwarta ta yi barci.

Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya fitar a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa suna da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa. Da na duba jerin sai na ga rayuwarmu ce: hawan jini, ciwon sukari, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, rashin karatu tun yarinta, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici, raunin ji da raunin gani da ba a kula da su ba. Tsoho nawa ne yake zaune da yanar ido da aikin ɗan lokaci zai cire, ko kunne ya toshe an daina yi masa magana? Matashi nawa ne yake tuƙa babur ba hular kwano?

Mun haɗa kuɗi mun sayi na'urar awon jini ta gida. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci 'yan'uwa sukan taru a gidan, sai in bi kowa da ita, daga Yaya har matan gida. Baffa ya daɗe yana ƙi, yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Ranar da ya miƙo hannu, awonsa ya nuna 180 bisa 100. Ya yanki kati a asibitin da ya hana mu kai yayansa, yanzu yana shan magani kullum, kuma matarsa ce take riƙe da kwalin.